Rumbu da Allo: Tarihin Yunwa da Karatun Yara a Ƙasar Gumel

Baƙon da ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari a watan Yuli zai rantse babu ƙasar da ta kai wannan wadata. Gero ya rufe rairayi, wake ya fara yaɗo a gindinsa, riɗi da zoɓo sun yi shar. Mutanen ƙasar kuwa sun san lokacin ne ake shiga rumbu da tsintsiya. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, mudu ya yi tsada a kasuwa, ga noma na cin ƙarfin babba da yaro. A gidaje da yawa tukunya sau ɗaya take hawa murhu, da dare, ɗumamen safe kuma sai in tuwo ya yi saura. A daidai wannan tsakanin ne makarantun firamare na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suke jarrabawar zango na uku, wadda da ita ake ɗaga yaro zuwa aji na gaba.

Wannan karo tsakanin ciki da karatu ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. Tun zamanin da allo kaɗai ake riƙewa, rumbu ne ke faɗin lokacin da yaro zai zauna ya yi karatu da inda zai yi shi. Mutanen da sun yarda da haka, har suka gina makarantarsu a kansa. Tsarin da ya zo daga baya ya ɗauki abincin ɗalibi a matsayin kyauta, in an samu a yi, in ba a samu ba a haƙura.

Ƙananan hukumomin nan huɗu na Jihar Jigawa su ne Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai. Ƙasa ce mai jigawa, babu wani babban kogi irin na Haɗeja da za a dogara da shi a yi noman rani mai yawa. Damina wata uku ce zuwa huɗu, ruwan shekara kuma yakan tsaya wajen milimita 500 zuwa 600. Girbi ɗaya ne, shi zai riƙe gida wata goma sha biyu. Idan ruwa ya ɗauke na mako uku lokacin da gero ke fitar da kai, lissafin shekara ya rushe.

Mangawa ne suka kafa masarautar wajen 1750 a ƙarƙashin Ɗanjuma, ta kuma bi Borno. Ko da jihadi ya zo a farkon ƙarni na 19, Gumel ba ta shiga daular Sakkwato ba. Wannan ya bar ta a tsakiyar maƙwabta masu ƙarfi: Kano ta kudu, Haɗeja ta gabas, Damagaram ta arewa. Daga garin Tumbi aka dawo da fadar zuwa Gumel kafin tsakiyar ƙarnin, yaƙi da Haɗeja kuwa bai lafa ba sai a 1872, shekarar da Sarki Abdullahi ya rasu. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851 ya tarar da gari cike da jama'a da babbar kasuwar kanwa. Da ya sake ratsawa a ƙarshen 1854, rikicin sarauta ya riga ya ɗaiɗaita garin. Shekara uku da 'yan watanni ke nan tsakani. A irin wannan ƙasa, fari da hari duka rumbu suke faɗa wa, dole mutane su ƙware wajen tsimi.

Dabarun a bayyane suke. Gida yakan yi noman gandu, uba da 'ya'ya da ƙanne a gona ɗaya, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Bayan kaka maigida mai hankali yakan liƙe babban rumbu, ba za a buɗe ba sai ruwan shuka ya sauka, domin hatsin ya tarar da masu riƙe fartanya. Wanda Allah ya hore wa yana da rumbun tsimi, mai ɗauke da damman shekara biyu ko uku. Zakka ana fitar da ita tun a bakin gona. Tsakanin kaka da bazara kuwa sai a rage bakin da ke cin tuwon gida: magidanta da samari su tafi cin rani, yara maza kuma su bi malam.

A nan karatun allo ya haɗu da lissafin rumbu. Gumel tana kan hanyar gabas, hanyar da masu neman haddar Alƙur'ani suka daɗe suna bi zuwa Borno. Da an gama ɗaure dami, malam zai tattara almajiransa, ƙolo da titibiri da gardi, kowa da allonsa da ƙoƙonsa da 'yar tabarmarsa, su nufi garin da ya yi albarka a shekarar. A can za a ba su zaure ko fili a bayan gari su kafa tsangaya. Da asuba a hura wutar kara a yi karatu, da hantsi a wanke allo a yi sabon rubutu, da dare a sake zagaye wuta. Abinci kuwa yana wuyan garin. Matan gida sukan kwashe tuwo da rabon almajiri a ciki, yaro yakan sami uwar ɗaki da zai ɗebo wa ruwa, ita kuma ta ajiye masa kwanonsa. Idan hadari ya fara haɗuwa, a naɗe tabarmi a koma gida a yi noma.

Uban da ya tura ɗa biyu gabas na wata biyar ya samar musu karatu, ya kuma adana abin da za su ci ya kai shi damina. Tsarin yana da wahalarsa: sanyin hunturu, ƙaiƙayi, kwana da yunwa idan garin ya tsuke, 'ya'ya mata kuma galibi a gida aka bar su da ɗan abin da suka samu a makarantar unguwa. Duk da haka, babu wanda ya taɓa tunanin a tara yara karatu ba tare da an san inda tuwonsu zai fito ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma malaman tsangaya sun fi kowa sanin haka.

Turawan Ingila sun karɓi Gumel a 1903, iyaka ta ratsa tsakanin Maigatari da dangin da suka faɗa hannun Faransa. Haraji da jangali suka koma na tsabar kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekara mai bi. Sai damina ta 1913 ta gaza ƙwarai, aka shiga yunwar da ƙasar Kano da Damagaram suke kira Kakalaba. Mutane suka yi ta gangarowa daga arewa, wasu suka mutu a hanya. An ci dusa, an sussuke ƙarangiya, an jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, an tone gidan tururuwa ana neman ƙwayar hatsi. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina ya fitar da littafinsa Silent Violence a 1983, ya nuna cewa rashin ruwa shi kaɗai bai isa ya bayyana girman asarar ba. Manomin da dole ya biya haraji da kuɗi a kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, shi ne yake sayar da abin da da zai zuba a rumbun tsimi.

Yunwa irin wannan ta wuce ƙarfin tsangaya. Dabarar tafiya da yara tana aiki ne idan wani gari ya rasa wani ya samu. Ranar da kowa ya rasa, gidan da ya saba miƙo tuwo shi ma ganyen tafasa da yaɗiya yake kwaɗawa, almajiri ya yini yawon bara, allo na jingine.

An sake shan wuya a 1927, fara kuma ta addabi Arewa a farkon shekarun 1930. A 1930 layin dogo daga Kano ya kai Nguru, ya bi ta Gagarawa, inda har yau akwai garin da ake kira Gagarawa Tasha. Gyaɗa ta sami hanya, kuɗi ya shigo, kwano ya hau kan wasu ɗakuna. Tare da haka bashi ya sami gindin zama: magidanci ya ci hatsi ko kuɗi da damina, ya biya da riɓi a kaka. Makarantun boko na wancan zamani kaɗan ne, yaran da aka ɗauka kuma sau da yawa sai da hakimi da dagaci suka matsa. Wanda ya wuce elementare ya tafi makarantar kwana, hukuma ce ke ciyar da shi. Ke nan ko bokon farko, muddin ta ɗauke yaro daga gida, ta san abincinsa a wuyanta yake.

Farin 1972 zuwa 1974 shi ne wanda dattawan yau suka gani da idonsu. Arewacin tsohuwar Jihar Kano, har da Gumel, na cikin inda ya fi tsanani. Gonaki da yawa ko iri ba su mayar ba, shanu suka faɗi, aka rabar da awaki a kasuwa a kan kuɗin 'yan mudu. Michael Mortimore ya bi rayuwar ƙauyen Dagaceri na Mangawa da ke ƙasar Birniwa, gabas da Gumel, fiye da shekara goma, ya bayyana a littafinsa Adapting to Drought na 1989 yadda mutane suka rayu da tukar igiya da saƙar kaba da ganyen daji da tafiya birane masu nisa. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin da ke kawo kuɗi. Dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba.

Shekara guda bayan haka, a watan Satumba na 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. Aka gina azuzuwa har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin baƙin allo ba, aka horar da malamai cikin gaggawa. Alheri ne babba, da yawa daga cikin malamai da ma'aikatan da masarautar take alfahari da su yau ta nan suka fito. Sai dai makarantar ta sauka a kan gidajen da fari ya tatse, kuma ta zo da nata tsari. Tana son yaro ya zauna a gari da rani, lokacin da aka saba rage baki. Tana son sa a aji da damina, lokacin da ake buƙatarsa a noman firi da maimai. Ta je-ka-ka-dawo ce, babu tukunya a cikinta. Uban da ya cire ɗansa daga aji uku ya haɗa shi da malam an yi ta kiransa maƙiyin boko, alhali sau da yawa damman da suka rage masa ya ƙirga.

Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, talaka ya ɗan numfasa. Sai ciwon bushiya ya faɗa wa shanu a 1983, fari ya biyo baya a 1984. A watan Afrilu na shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Mutanen gabashin Nijar, da suka saba sayen hatsi daga wannan ɓangare, sun sa wa yunwar suna El-Buhari. Maigatari ta ji a jikinta, domin kasuwarta ta ranar Alhamis, inda raƙuma da shanu da tumaki ke shigowa daga arewa hatsi kuma ya fita, ita ce numfashin yankin. Haka aka maimaita da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wata biyu kacal da cire tallafin man fetur. Duk ranar da kara ta yi sanyi, dillali da ɗan dako da mai sayar da fura da mai tallan ruwa duka sukan koma gida hannu sake, kuɗin tara na 'ya'yansu shi ne farkon abin da ake yankewa.

Malamin firamare a ƙauye ba ya buƙatar a gaya masa wane gida ne bai ɗora tukunya ba. Da an tashi tara, wasu yara su ruga wajen mai ƙosai ko mai rogo da ƙuli, wasu su koma gindin darbejiya su zauna. Akwai mai cewa zai je gida shan ruwa, shi ke nan sai gobe. Bayan ƙarfe sha ɗaya kawuna sun fara sauka kan benci. Yarinyar da ba ta zo ba tana tasha da farantin talla, saboda ribar ɗanwaken ce cefanen dare. Yaron da ba a gani ba ya tafi ƙwadago a gonar wani. Sunayensu duka suna cikin rajista, shi ya sa alƙaluman shiga makaranta ba sa nuna wannan ɓarna. Ana ganinta ne ranar da ɗan aji shida ya kasa karanta layi ɗaya na Hausa.

Akwai kuma ɓarnar da ke aukuwa tun yaro bai san hanyar makaranta ba. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, da haɗin gyaɗa da madara da ake matsa wa yaro a baki daga 'yar leda. Daga baya asibitocin Jigawa ma suka karɓi wannan magani. Yana ceton rai, amma ba ya mayar da duk abin da aka rasa. Ƙwaƙwalwa tana yin mafi yawan gininta ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu. Jaririn da aka yaye da kunu tsurarsa, babu wake babu ƙwai babu nono, yakan tsumbure, ƙarancin jini kuma ya rage masa natsuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali a Najeriya baki ɗaya kashi 37 ne. Yaran da aka auna a wancan binciken su ne ke zaune a azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare yanzu.

An gwada magani a wannan ƙasa, kuma ya ci. Gagarawa na cikin ƙananan hukumomi biyar na Jigawa da Zamfara da aka yi shirin tallafin rainon yara tsakanin 2013 da 2019, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ta hannun ƙungiyoyin Action Against Hunger da Save the Children. Mace mai ciki takan karɓi naira 3,500 kowane wata har ɗanta ya cika shekara biyu, daga baya aka mai da shi 4,000, ana kuma koya wa mata da mazansu shayarwa da haɗa abincin yaye. Masanan da suka bi sawun shirin sun wallafa a mujallar American Economic Review a 2021 cewa tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100, matan kuma suka ƙara kama sana'a suka sayi dabbobi. A ƙasar Gwatamala an bi yaran da aka ba kunu mai gina jiki tsakanin 1969 da 1977 har suka girma, aka tarar matan cikinsu sun ƙara fiye da aji ɗaya a makaranta, mazan kuma suna samun lada mafi tsoka.

Ciyarwa a makaranta ma an gwada ta. Gwamnatin tarayya ta fara gwaji a wasu jihohi a 2005, yawancinsu suka watsar. A 2016 aka dawo da shirin ga 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka ce 100. Duk inda kular mai dafawa ta iso, aji yakan cika, har da ƙannen da shekarunsu ba su kai ba. Amma kuɗi yakan makara, tsada ta cinye naira saba'in ɗin, 'yan aji huɗu zuwa shida suna kallo, almajiri kuwa ba ya cikin lissafi. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi na tarayya. A Indiya kotun ƙoli ce ta wajabta dafaffen abincin rana a makarantun gwamnati a 2001, a Birazil kuma dokar 2009 ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a wurin ƙananan manoma za a kashe shi. A can haƙƙi ne da doka ta tsare. A nan shiri ne mai zuwa da gwamnati ya tafi da ita.

Ita ma tsangaya ta sauya. Yara da yawa ba sa dawowa da damina, sun zauna a Kano da sauran birane shekara da shekaru, inda almajirai suka fi ƙarfin tuwon unguwa. Gandu ya watse, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, riɗi da zoɓo suna kawo kuɗi a kaka amma kuɗin ba ya kai wa bazara. Makarantu biyu ke nan a ƙasa ɗaya, tsohuwar ta rabu da masu ciyar da ita, sabuwar kuma ba a taɓa yi mata nata na dindindin ba.

Abin da za a yi bai fi ƙarfin Lautai ba. Gero da wake sun fi araha a Oktoba da Nuwamba, a nan gida ake noma su. Ƙananan hukumomin huɗu za su iya saye a lokacin daga manoman yankin, a adana a ma'ajin kowace gunduma ƙarƙashin idon iyayen yara da dagatai da limamai, a haɗa da wani kaso na hatsin zakka da kwamitocin masarautun Jigawa suke tarawa. Idan kuɗi bai isa ciyarwar shekara ba, a fara da watannin Mayu da Yuni da Yuli: kofin kunun gero da gyaɗa da ƙarfe tara, ko dafaffen wake, ga kowane aji daga ɗaya zuwa shida, da tsangayun da suka zauna a garuruwansu. Matan unguwa su dafa a biya su. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa tana nan cikin Gumel, ɗalibanta masu koyon aikin koyarwa za su iya ƙirga yaran da suka rage a aji bayan tara da waɗanda suka iya karatu a ƙarshen zango, a kai sakamakon gaban majalisar jiha a Dutse kafin a zauna kasafin kuɗin shekara mai zuwa.